Gurasar da Aka Ce an Kife

A wata unguwa a birnin Kokand akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babanta mai gasa gurasa ne. Shagon gurasar Kawu Ravshan yana kallon nasu, kuma ya fi su ciniki, saboda gwanin ma'aikacinsa Otabek, wanda suka ƙulla yarjejeniyar aikin shekara.

Abin yana ci wa yarinyar rai. Ran nan a aji ta ce wa ƙawayenta ta ga Kawu Ravshan ya kife gurasa a ƙasa, har ya tsallake ta. Ba ta ga komai ba. Amma ta san a garinsu ko ɓarɓashin gurasa ba a takawa.

Ta kuma tare Otabek. "Yaya, Baba ya ce ka dawo wurinmu, kada alhaki ya shafe ka." Baban bai ce ba.

Otabek ya ajiye aiki. Zance ya bazu, masu sayen gurasar Kawu Ravshan suka watse.

Layin ya yi tsit da rana tsaka. Tanderun Kawu Ravshan ya huce, bakinsa a buɗe baƙi ƙirin, kamar yarinyar yake kallo. Wata tsohuwa ta kama hannunta da yatsu masu sanyi, ta raɗa mata wai gurasar nan har kuka aka ji tana yi. Daga ranar, in ta gutsuri gurasa, sai ta ji kamar an ja numfashi.

Sai ga mai unguwa. Ya shaida wa babanta cewa Kawu Ravshan zai kai shi kotu, kan ɓata suna da kuma zuga ma'aikaci ya karya yarjejeniya. Baban ya rantse bai san zancen ba.

Uwar ta dube ta. "'Yar nan, me ya raba ki da gurasa?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Suka kai ta gaban dattawa a shagon shayi. Kawu Ravshan ya ce, "Inda kika faɗa, can za ki je ki warware."

Ta warware a gaban ajinsu. Otabek ya koma aikinsa, aka fasa ƙara.

A hanyar gida uwar ta ce, "Abin da ba ki gani ba, kada ki faɗa. Sunan mutum abincinsa ne, kuma Allah yana ji."