Tsagar Ɗakin Gwaggo Tabawa

Da hantsi na'urar nan mai tashi da ake kira zanzaro ta iso; zanzaron ya sauko daga tsakanin dogayen benayen gilashi yana ƙugi, ya tsaya daidai bangon ɗakin Gwaggo Tabawa. Ya haska shi da jan haske, ya fito da bakinsa na ƙarfe, ya shiga kankare yaɓen da aka yi jiya. Kafin ka ce kwabo, tsohuwar tsagar ta dawo, baki buɗe.

Injiniya Nafi'u na tsaye, takaici kamar ya kashe shi, don shi ya ƙera na'urar. Lokacin da hukuma ta mai da Unguwar Marina kayan tarihi a tsakiyar birnin, an ɗauki hoton kowane bango an zuba a ƙwaƙwalwar zanzaro, aka umarce shi duk abin da ya sauya ya mai da shi yadda yake. To, masu hoton da rani suka zo, kafin yaɓen da ake yi duk shekara gabanin damina. Shi ke nan, tsaga ta zama tarihi. Maƙwabta suka gaji suka tashi, saura gwaggonsa kaɗai, wadda ta rantse gawarta ce za ta bar ɗakin.

"Ɗan nan, tsuntsun naka ba ya jin Hausa ne?" in ji Gwaggo. "A ɗakin nan na goyi ubanka. Ga hadari can yana haɗuwa."

Nafi'u ya taɓa agogonsa, fuskar shugabar hukumar ta bayyana a iska.

"Ranki ya daɗe, ginin ƙasa in ba a yaɓe shi ba ruwa zai cinye shi. A ba ni izini in gyara hoton."

"Injiniya, hoton nan doka ce. Sai majalisa ta zauna."

"Yaushe?"

"Bayan damina, in Allah ya kai mu."

Nafi'u ya tuɓe riga ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya yaɓe. Zanzaro ya kankare. Ya sake yaɓewa, zanzaro ya sake kankarewa. Ruwan fari kuwa bai jira majalisa ba, ya bi tsagar ya jiƙa gadon tsohuwa sharkaf, azara ta fara sunkuyowa.

Dole ya ɗauke ta tana kuka, ya kai ta gidansa can ƙololuwar bene. Tun daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba.

Sati na zagayowa shugabar ta kira shi, murya cike da murna.

"Barka, Injiniya! Za a ba ka lambar yabo. Tun da tsohuwar nan ta tashi, ba a sake samun mai ɓata mana tarihi ba."