Ranar da Munzali Ya Ɓace daga Tabarma

A garin Basirka akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙane mai suna Munzali. Watansa tara, amma bai iya zama ba. Ko juyi ba ya yi. Inda aka ajiye shi, nan za a tarar da shi.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Gwaggo Mero, takan dube shi ta yi ƙasa da murya. "Irin waɗannan 'yan ruwa ne," in ji ta. "Wata rana za a nema a rasa."

Inna, mahaifiyarsu, ba ta kula ta. Kowace Talata takan hau mota zuwa wani asibiti a Birnin Kudu. A can Malama Lailatu take koya wa iyaye yadda za su motsa jikin jariransu. Da aka yi hutu, yarinyar ta raka Inna.

"Ku kwantar da shi rub da ciki, sau uku a rana," in ji Malama. "Ku ajiye abin wasa a gabansa, ya yi ƙoƙarin ɗago kai. Amma kada ku bar shi shi kaɗai, ko na minti ɗaya."

Haka suka yi ta yi har wata biyu.

Wata rana da azahar Inna za ta kai niƙa. Ta ce wa yarinyar, "Yi masa atisayensa. Idonki a kansa."

"To, Inna."

Yarinyar ta shimfiɗa tabarma a ɗaki. Ta kwantar da Munzali, ta ajiye masa kacau-kacau. Sai ta ji ƙawayenta suna 'yar gala-gala a ƙofar gida.

"Ai ba ya motsi," ta ce a ranta. Ta fita.

Da ta dawo, tabarma ba kowa. Babu Munzali, babu kacau-kacau.

Gidan ya yi tsit. Ko kaji ba sa kuka. Labulen ƙofa yana kaɗawa a hankali.

"Munzali?" ta kira. Shiru.

Ta duba tsakar gida. Ta leƙa bayan rumbu. Maganar Gwaggo Mero ta dawo mata.

Sai ta ji wani sauti daga ɗaki. Kacau. Shiru. Kacau. Daga ƙarƙashin gado yake fitowa. Ta durƙusa, ta ɗan ɗaga zanin gado. Cikin duhu, idanu biyu suna kallon ta.

Ta fito da gudu, ta yi karo da Inna a zaure.

"Lafiya? Ina ɗan'uwanki?"

"Inna, na bar shi na tafi wasa. Ya ɓace. Akwai wani abu a ƙarƙashin gado."

Inna ta ajiye ƙwarya ta shiga ɗaki. Ta miƙa hannu ta jawo shi. Munzali ne, kansa duk yanar gizo, ya riƙe kacau-kacau yana dariya.

Inna ta sake miƙa hannu. Ta fito da murfin kwano mai maganin ɓera.

"Kin ga wannan? Saura kaɗan ya kai gare shi."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ki yafe mini, Inna. Na ɗauka ba zai motsa ba."

"Ai don ya motsa muke ta wahala," in ji Inna. "Ni ma na yi kuskure da na ajiye guba a ƙasa."

Suka mayar da shi tabarma. A gaban idonsu ya ɗago kai, ya mirgina.

Da Gwaggo Mero ta shigo da yamma, sai da ta ga juyin har sau uku kafin ta yarda. Ta ce, "Ashe dai ɗan mutum ne, ƙarfi yake nema."

Ranar Talata Malama Lailatu ta tafa wa Munzali. Yarinyar kuwa ta koyi darasi. Idan aka ba ka amanar jariri, kada ka ɗauke ido daga kansa.