Hoton da Auta Ta Ɗauka a Kwata

Rana ta yi ja, iska ta tsaya cik, Mama tana kwashe shanya a tsakar gida lokacin da ta lura Auta ba ta kusa. Ta ƙwala mata kira, shiru. Ta sake kira, sai ta ji muryarta can daga lungun da ke bayan ɗakin girki.

Tun da Yaya ya bar mata tsohuwar wayarsa, Auta ba ta da aiki sai ɗaukar hoton inuwar abubuwa a jikin duk abin da ke ƙyalli. Bayan cokali, gefen butar shayi, gilashin motar maƙwabta, ruwan wanki da ya kwanta a siminti, babu wanda ta bari. Mama takan ce, "Mutane na ɗaukar hoton mutane, ke kina ɗaukar cokali. Allah ya shirya." Amma lungun nan ba wurin zuwa ba ne. A can kwatar gidan take, ta daɗe da toshewa, ruwanta ya yi baƙi ya yi kauri, gansakuka ta rufe bakinta, tsutsotsi na motsi a ciki. Baba mai gyaran famfo ne, rabin unguwa shi ke buɗe musu bututu, amma tasa kullum sai ya ce gobe.

Mama ta same ta a tsugune, fuskarta dab da ruwan.

"Ke! Magariba ta kawo kai kina tsugune kan ƙazanta? Tashi!"

"Mama, duba ki gani."

Hoton kam ya yi kyau. Sararin sama ne kwance a kan baƙin ruwa, ga wayoyin lantarki sun ratsa, ga wani jan ƙwallo a tsakiya yana sheƙi kamar rana za ta faɗi. Mama na cikin kallo sai wani kumfa ya taso daga ƙasan kwatar, ya kumbura a hankali, ya fashe. Warin da ya fito ya sa ta toshe hanci da bakin zane. Auta kuwa bakinta a buɗe yake. Ta yi tari, ta haɗiye, ta miƙe.

Kafin a idar da sallah ta tura wa ƙawayenta hoton, Yaya ya tura wa nasa abokan, Baba ma ya ce a sa masa shi a fuskar wayarsa, yana ta fariya da 'yarsa. Suna zaune ana cin abinci dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Kowa ya ɗaga kai sama. Na biyu ya faɗo tsakiyar tabarma, kusa da kwanon miya. Yaya ya ɗauka ya yar da sauri, yana yarfe hannu. Dutsen a jiƙe yake, baƙin taɓo ya lulluɓe shi, yana yauƙi. Ya zagaya gidan da tocila, bai ga ko kyanwa ba.

Daga ranar, da zarar rana ta karkata, gidan sai ya canza. Jifa ta kan fara, sannan wari ya taso ya cika ɗakuna, irin warin da ke manne wa harshe. Miyar da aka sauke da rana, kafin magariba ta yi kumfa ta yi tsami. Ramin wurin wanke-wanke yakan yi wani gurnani kamar mai kurkure maƙogwaro, wani lokaci a cikin gurnanin sai ka ji kamar ana cewa, "Auta, Auta." Maƙwabciyar da ke shigowa hira ta daina zama, ta kan tsaya a bakin ƙofa tana numfashi da baki.

Auta ta daina wanka. Ta daina sallah, ta daina magana, yarinyar da a da sai ta goge cokali da gefen rigarta kafin ta ɗauke shi hoto. Gashinta ya cukurkuɗe, ƙuda na binta ɗaki zuwa ɗaki. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Wata yamma Mama ta shiga ɗakin girki ta tarar da ita durƙushe, ta zura yatsu cikin ramin wanke-wanke tana kwaso baƙin yauƙin da ke ciki tana lasa, idanunta a lumshe kamar mai shan zuma.

Mama ta fita da gudu ta yi amai a gindin bango. Abin da ya fi cin ranta shi ne, daga ranar ta kasa taɓa 'yarta. Takan ajiye mata abinci a bakin ƙofa ta tura da ƙafa, sannan ta koma ɗaki ta yi kuka, tana tambayar kanta wace irin uwa ce ke ƙyamar abin da ta haifa.

Baba ne ya ɗauko Malam, wani dattijo mai sanyin murya da ke koyarwa a masallacin da ke bayan kasuwa. Malam ya shigo ana gab da magariba. Bai toshe hanci ba, amma idanunsa sun kawo ruwa. Ya sa aka zaunar da Auta, Yaya ya riƙe kafaɗunta, shi kuma ya fara karatu a hankali. Karatun ya yi nisa kafin jikinta ya fara karkarwa. Kanta ya sunkuya, wani baƙin ruwa ya dalalo daga gefen bakinta, sai wata murya mai kauri ta fito, kamar daga cikin bututu.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ina zamana lafiya a gidana ta zo ta leƙa ni. Ta ɗauki idona ta raba wa duniya."

"Wane ido?"

Muryar ta yi dariya, ruwan ya fantsamo kan tabarma. "Jan nan da kuke ta yabo. Yaushe rana ta taɓa leƙa lungun nan da yamma? Bango ta ko'ina. Ni ne nake kallonta."

Baba ya zaro wayarsa daga aljihu, ya dubi hoton da ke fuskar wayar, ya sake ta ta faɗi ƙasa. Ya shiga goge tafinsa a jikin riga.

"Au, mai gida, ƙyamata kake?" in ji muryar. "Kai fa ka gina mini ɗaki. Kullum na ji ka ce gobe, sai in ƙara miƙe ƙafa. Matarka ta zuba mini ruwan kifi, ɗanka ya jefo mini mataccen ɓera. Ban taɓa samun masu masauki irinku ba."

Babu wanda ya ɗaga kai. Malam ya ce, "Za ka fita daga jikinta."

"Zan fita in an yanka baƙin ɗan akuya an tsiyaye jinin a kwata."

"Ba a yanka sai don Allah."

"To a bar mini kwatar yadda take, kada a taɓa."

"Gobe da safe za a yashe ta. Wannan goben kuma ta gaske ce."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta gantsare, Yaya ya danne ta da ƙyar yana kau da fuska. Muryar ta koma magiya.

"To idona! A ba ni idona in tafi. Duk wanda ya buɗe hoton nan sai in ji kamar an tsokane ni."

Malam ya ce, "Wannan kam haƙƙinka ne." Ya sa aka goge hoton a wayar Auta da ta Baba da ta Yaya. Baba ya karɓi riƙon Auta, Yaya ya fita tsakar gida yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su goge ba tare da ya iya faɗa musu dalili ba. Da ya dawo, Malam ya sa aljanin ya rantse zai koma juji can bayan gari, ba zai sake waiwayar gidan ba. Ƙafar Auta ta hagu ta yi rawa, babban ɗan yatsan ya miƙe ya saki, alamar ya fita. A bayan ɗakin girki aka ji kwatar ta yi wata doguwar gyatsa, sannan shiru.

Auta ta buɗe ido. Ta dubi hannayenta, ta dubi rigarta, ta yamutsa fuska.

"Mama, me ke wari haka?"

Mama na tsaye a bakin ƙofa, zane a hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta saki zanen, ta tako cikin baƙin ruwan da ke kan tabarma, ta durƙusa ta rungume ta, ta tusa fuskarta cikin wannan gashin. Warin ya cika mata hanci, amma ba ta sake ta ba.

"Ba komai, 'yar nan," ta ce. "Yaya, ɗora ruwa a wuta. Ni zan yi mata wankan da kaina."