Agogon Inji da Hannun Labiba

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Barau ne ana tsakiyar kiran magariba, a lokacin da hayaƙin murhu da na baburan haya na 'yan zemijan ke haɗuwa su kwanta a kan Zangon Kwatano. Zinariya, matar gidan, tana tuƙa tuwon masara. 'Yarta Labiba na kan tabarma da littattafan lakwal, wato makarantar boko, tana ƙoƙarin amfana da ɗan hasken da ya rage. Duk su biyun suka ɗaga kai. Sai wani dutsen ya biyo baya, sai wani, kuma ba daga bayan katanga ake jefowa ba. Daga sama suke saukowa a miƙe, jiƙaƙƙu, suna warin taɓon bakin ruwa.

Barau yana alwala a bakin rariya, ko waiwayowa bai yi ba.

"Maigida, jifa ake yi," in ji Zinariya.

Bai amsa ba, sai da ta zo gabansa ta nuna masa kwano da muciya. Ya dubi sama, ya dube ta, ya ce, "Ba na son shirme." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Gaskiyar magana, Barau kurma ne, ko kuma saura ƙiris. Tun yana saurayi yake tuƙa ƙaramar bas irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, daga Kwatano zuwa Faraku, ƙarar kuwa ta cinye masa kunne kaɗan kaɗan kamar gara. Zinariya ta sani, Labiba ta sani, amma a gidan nan an fi tsoron faɗin wannan kalma fiye da tsoron mutuwa. Girman kai rawanin tsiya, kuma Barau ya naɗa nasa da kyau.

A shekarun nan ƙasa ta juya. An yi babban taron ƙasa, kowa ya sami baki, har direbobi a tasha sun fara zaɓen shugabanninsu da ɗaga hannu. Motoci 'yan gwanjo na ta sauka a tashar jirgin ruwa, samari masu kunne garau na neman layi. Tsohon direba kuwa da kunne yake sa giya. Da Barau ya fara sa ta ba a kan lokaci ba, inji na kuka fasinja na kallon juna, ya san ranar da za a ɗaga hannu a kansa ta kusa. Shi ya sa ya nemi agogon da ke nuna juyin inji, don ido ya yi masa aikin kunne. Bas ɗinsa tsohuwa ce, ba ta zo da shi ba.

Badarou makanike ne ya ce ya san wata mushen mota a Ladji, wata unguwa ta bakin ruwa, wadda ambaliya ta binne rabinta a taɓo tun shekaru, ciyawa ta fito ta tagoginta. Suka je da almuru. Badarou ya sa sukuddireba a allon motar, sai ya tsaya cak, ya ja da baya, ya ce ya fasa, ya hau zemijan ya gudu. Barau ya yi tsaki, ya ɓalle agogon da hannunsa. Washegari shi da kansa ya ɗaura shi kusa da sitiyari da guntun kwano, ya kai waya ɗaya bobin ɗin wutar inji, ɗaya jikin mota, ɗaya makulli. Ya tayar, allura ta miƙe, ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. A yammacin ranar ne aka fara jifa.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu su fara sauka, in sun lafa kuma sai a ji kukan jariri, siriri, yana fitowa daga wajen da ake ajiye bas a ƙofar gida. Maƙwabta suka hana yaransu bin lungun. Barau shi kaɗai ne ke cin tuwonsa lafiya. In ya yarda ana jifa, sai a tambaye shi yadda aka yi bai ji ba, don haka ya ce sharrin mata ne.

Labiba kuwa abu ɗaya ne a ranta. Yajin aikin malamai ya riga ya cinye mata shekara guda a banza, yanzu an buɗe lakwal, jarrabawar bepese ta gama ƙaramar sakandare na gabanta, kuma daga nan take fatan shiga makarantar ungozoma. Ko ana jifa, sai ta toshe kunne ɗaya da yatsa ta ci gaba da karatu.

Wata safiya, bayan fitar Barau, hannunta na dama ya tashi da kansa. Alƙalami ya faɗi. Hannun ya miƙe a sandare, ya hau sama a hankali, ya faɗo, ya sake hawa. In ya yi sama sosai sai jikinta ya ɗauki rawa, haƙora na haɗuwa, zuciyarta na bugawa har ana gani ta saman riga. Haka ta wuni, uwar na riƙe da ita tana kuka tana karanta duk abin da ta haddace. Da yamma ta yi sai hannun ya faɗi kamar tsumma. Washegari ya sake tashi.

Zinariya ce ta gane, ranar da Barau ya dawo daga Faraku. Ta ji ƙarar bas daga bakin lungu, ta ga hannun na bin ƙarar. Inji ya yi sama, hannu ya yi sama. Ya kashe mota, hannu ya mutu.

Ta tare shi a zaure, ta kama rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi har gaban yarinyar. Ta nuna hannun, ta nuna mota, ta yi ta ɗaga murya har ya fahimta.

"Lalaci ne," in ji shi. "Ta ga jarrabawa ta matso. Bari in nuna miki."

Ya fita ya shiga mota, ya tayar, ya danna totur, yana kallon allura tana hawa har ta shiga jan layi, ya riƙe ta a nan don ya ƙaryata mace. Ba shi da kunnen jin abin da ke faruwa a cikin gida. Sai da maƙwabci ya zo ya fizge makulli. Da ya shiga, ya tarar da Labiba a ƙasa, jini na bin hancinta, hannun na nan a sama bai sauka ba. Hausawa na cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Barau bai ji ko ɗaya ba, 'yarsa ce ta ji masa.

Aka kira Malam Sharhabilu, wani dattijo da ke koyar da manyan littattafai a bayan masallacin unguwa, mutum marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya sallami 'yan kallo, ya bar iyayen kawai da Badarou, wanda Zinariya ta aika aka nemo. Ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu a hankali, ba tsawa ba bulala. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji suka shige akurki. Sannan Labiba ta buɗe ido, ta tashi zaune, ta naɗe ƙafafu irin zaman tsohuwa.

"Ya isa, Malam," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Kana ƙona ni, ni kuwa ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gidan da aka fasa a Ladji."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shi ma ɗana bai yi wa kowa komai ba." Kan Labiba ya juya wajen ƙofa. "A cikin agogon nan na kwantar da shi, don nan ne ruwa ba ya kaiwa. Na ce musu akwai jariri. Wancan ya ji."

Badarou ya sunkuyar da kai. "Na ji, Malam. Na faɗa masa, bai kula ni ba."

"Wannan kuwa ya ɓalle, ya ɗaure da ƙarfe, ya sa wuta," muryar ta ci gaba. "Ɗana ba ya iya fita. Duk tashin allurar nan a jikinsa take tashi. Na yi jifa, na yi kira. Sai na ce to, bari 'yarsa ta ɗanɗana, ko idonsa zai gani, tun da shi kurma ne."

Kalmar ta faɗi a tsakar gidan, ba wanda ya motsa. Barau yana ta kallon bakuna, ya ga kowa ya juyo gare shi, ya san an faɗa.

Malam ya ce, "Za a kwance, a mayar miki da shi yau. Ki fita."

"Da hannun da ya ɓalle. Shi nake so, ya shanye."

"Ba za ki samu ba. An zalunce ki, amma ke ma kin kama wadda ba ta da laifi. Zalunci ba ya wanke zalunci."

Malam ya koma karatu, jikin yarinyar ya fara murɗewa.

"Tsaya," in ji muryar. "To a bar masa hannunsa. Amma daga yau, kowace irin allura ya ɗaura a mota, ba za ta motsa masa ba har ya mutu."

Malam Sharhabilu ya auna, ya ga allura ba rai ba ce, ba gaɓa ba ce, ya ga an samu da araha. Masani ne a kan aljanu, amma bai san Barau ba. Ya matsa ya sa baki a kunnen maigidan ya faɗa masa sharaɗin da ƙarfi, a gaban matarsa da makanike. Fuskar Barau ta yi baƙi. Ya ce, "Na yarda."

"Ki yi rantsuwa ba za ki dawo ba," in ji Malam.

Ta rantse. Sannan ta dubi Zinariya, muryar ta yi laushi. "Ke uwa ce, ni ma uwa ce. Ni na sake ta. Sauran kuma tsakaninku." Labiba ta yi atishawa, hannun ya sauka a hankali, ta kife a cinyar uwarta.

Kafin a kira magariba Badarou ya kwance wayoyin, aka naɗe agogon a farin ƙyalle, Malam da Barau suka kai shi Ladji. Daga ranar ba a sake jifa ba. Malam ya roƙi kowa ya rufa wa maigida asiri, aka kuwa rufa, don haka a tasha ba wanda ya san komai.

Labiba ta warware. Ta koma littattafanta da hannu mai ciwo, tana murna kamar wadda aka fitar daga rijiya. Barau kuwa ya sayi sabon agogo a kanti, allura ta ƙi tashi. Ya sayi wani, ta ƙi. Badarou ya ɗaura shi a wata mota ya yi aiki sarai, aka mayar a ta Barau ya mutu.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, bayan sallar asuba, ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Ɗauki mayafinki. Za ki zauna a gaba kusa da ni. In inji ya nemi giya, ki taɓa mini gwiwa."

"Baba, jarrabawa fa?" Ta ɗaga littafin don ya gani.

"Ke kika tona ni. Da bakinki aka kira ni kurma."

"Ba ni ba ce, Baba. Ku ma kun sani ba ni ba ce."

Ya karɓi littafin, ya miƙa wa Zinariya, ya ce a hura wuta da shi. Zinariya ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, ya ture ta. Ta ruga gidan Malam, ya zo ya yi nasiha har muryarsa ta dishe, Barau yana kallon bakinsa yana gyaɗa kai. Daga ƙarshe dattijon ya fito, ya ce mata cikin kunya, "Waccan na iya fitar da ita da karatu. Wannan ba ni da ayarsa."

A tasha aka ce Barau ya ɗauki 'yarsa tana taya shi karɓar fasinja, wasu har suna yaba masa. Giyarsa ta dawo daidai, ba a ɗaga hannu a kansa ba. Ranar da ƙawayenta suka shiga ɗakin jarrabawa, Labiba na zaune a kan murfin inji mai zafi a hanyar Faraku, tana kasa kunne, hannunta na dama a kan gwiwar ubanta. Abin baƙin ciki ne, kuma duk wanda ya san dalili a Zango bakinsa ya rufe.

Haka shekaru suka shige. Injin da ya ci kunnen uba bai ƙoshi ba. Labiba ta fara juyo da kunnen hagu in ana mata magana, ta fara cewa "Na'am?" sau biyu. Wata rana a hawan wani tudu ta makara wajen taɓa gwiwar, motar ta yi ƙugi ta kusa mutuwa, Barau ya ji girgizar a sitiyari.

Da yamma suna cin tuwo, ƙanwarta Ikilima, wadda ke goye a shekarar jifa, ta shigo da rigar lakwal tana rera abin da aka koya musu. Ta tsaya ta ce ta ji ƙarar babur ɗin kawunta, tun yana can bakin titi, kuma jim kaɗan sai ga shi. Barau ya ga yadda ta juya tun kafin kowa ya juya. Ya daina tauna, ya daɗe yana kallonta.

"Zinariya," ya ce, "yarinyar nan ƙafarta na kaiwa ƙasa in ta zauna a kujerar gaba?"