Kunnen Datti na Dama

Ku matso, ku rage surutu. Wanda ya san zai jiƙa katifa yau, ya tashi tun ban fara ba.

A Bukur an yi wani mai gyaran rediyo, Datti. Ba ya shan taba, ba ya caca, cutarsa ɗaya ce: tara faifan garmaho. Ya tara sun fi ɗari uku, ko matarsa ba ta isa ta share musu ƙura ba. Allah ya ba shi kunne. Da faifai ya fara juyawa zai ce maka wannan bugun farko ne, wancan kwafi ne. Da wannan kunnen yake gano ciwon rediyo, da shi yake ci da iyalinsa.

Yana da amini, Lawandi, shi ma mai tara faifai. Tun suna yara kwano ɗaya suke ci.

Faifai ɗaya ya gagare su shekara ashirin. Wani kiɗan Turawa ne da ake kira tirash metal: jita kamar injin niƙa, ganguna kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi. Ku za ku ce hayaniya ce, shi kuwa Datti har hawaye yake yi in ya ji shi a kaset. Bugun farko yake nema, mai baƙin kwali da hoton fasasshen agogo.

Ran nan Lawandi ya zo shago a rame, yana ta shafa kunne.

"Na samo maka shi," ya ce.

"Wasa kake."

"Yana wurin wani tsoho, bakin tsohon kududdufin kuza. Ka je da tsakar rana. Kai kaɗai, ba ya son taro."

"Kai fa? Ba ka so?"

"Ka fi ni cancanta."

Datti ya rungume shi don daɗi. Bai lura ba, Lawandi ƙasa yake kallo.

Washegari ya hau keke. Rana ta take. Da ya kusa ruwan, tsuntsaye suka yi tsit. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Ga tsoho zaune gindin tsamiya, cikin tsohon kwat irin na ma'aikatan kuza, baƙin kwali a cinyarsa.

Datti ya yi sallama. Ba a amsa ba.

"Ka zo," in ji tsohon. "Ka zo. Ka zo. Ka zo."

Muryar tana ƙas-ƙas-ƙas, irin ta faifan da ya karce ya maƙale. Tsohon ya bugi ƙirjinsa sau ɗaya, sannan maganar ta wuce gaba.

Mai hankali nan zai juya. Amma Datti ya riga ya ga agogon nan a jikin kwali.

"Baba, mu ba ma karɓa sai mun saurara. Ga shi nan babu wuta."

Tsohon ya zaro faifan, ya ɗora a kan yatsa, ya murza. Ya sa dogon farcensa a kai kamar allura. Ya buɗe baki. Kiɗan ya fito daga maƙogwaronsa, jita da ganguna, tas.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Bai gudu ba. Sabo ya ja shi. Ya rufe ido, ya karkata kunnen dama, wai ya tabbatar ko bugun farko ne.

Shi ne kuwa. Ya ji, ya tabbata. Sai wani sanyi ya shiga kunnen, kamar an zura tsinke an zaro wani abu.

"Kawo ɗayan," in ji tsohon.

Daidai nan aka kira sallar azahar can nesa. Datti ya buɗe ido yana a'uziyya. Tsohon ya ja baya, ya tura masa faifan a ƙasa.

"Ɗauki. Gaba naka, baya na abokinka."

Bai san yadda ya kai gida ba. Keken ma can ya bar shi. Matarsa ta yi masa magana ta dama, bai juyo ba. Kunnen ya mutu murus.

Ya ɗora faifan a garmaho. Kiɗan shekara ashirin ya cika ɗaki, amma da kunne ɗaya ya kasa bambanta shi da kaset. Ya juya bayan. Babu jita, babu ganga. Kuka ne, da muryar da ya sani tun yarinta.

"Ka bar min kunnena, Baba. Ina da aboki, nasa ya fi nawa. Zan turo maka shi."

"Zai zo shi kaɗai?"

"Zai zo. Ya yarda da ni."

Wallahi ba kunnen ne ya sa Datti kuka ba, wannan maganar ta ƙarshe ce.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Rana ta huɗu ya aika aka kira Lawandi. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya zuba masa shayi, ya ɗora bayan faifan. Lawandi ya saurara har ƙarshe da lafiyayyun kunnuwansa biyu. Ya zube ƙasa.

"Datti, tsoro ne. Don girman Allah ka yafe min."

Datti ya dube shi. Sannan a hankali ya juya masa kunnen dama.

Har yau tsamiyar tana nan bakin ruwan. Kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai da tsakar rana. In kuma wani ya ce ka je kai kaɗai, ko ni ne, ka tambaye shi me ya sa shi ba zai raka ka ba.