Tagar Balarabe Mai Karaya

Ranar Talata da hantsi wata budurwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Gwarzo, idonta jawur. Sunanta Zulaihat, ɗaliba ce daga Kano, ta sauka gidan gwaggonta Uwaliya a Unguwar Tudu. An sace mata kyamara. Ta makaranta ce aka ba ta aro, in ba ta mayar ba, babu ita babu kammala karatu.

Sufeto Uwaisu ya jawo biro. "Hoton me kike ɗauka? Biki?"

"Ƙofofi da tagogi, yallaɓai."

"Da wa a tsaye a bakin ƙofar?"

"Ba kowa. Tsohon ƙyaure, tagar ƙasa, yadda haske ke faɗowa cikin zaure."

Sufeto ya dubi ƙofar ofishinsa da ko sakata ba ta da ita. Ya ɗauki hularsa, suka nufi gidan Uwaliya.

A tsakar gida ta ajiye kayanta jiya, ta shiga sallar la'asar. Ɓarawon ya hauro katangar baya, ya ɗauke kyamara, ya bar sabuwar waya a kan tabarma. A gindin katangar Sufeto ya tsinci guntun kara ɗaure da tsumma, yana warin man shanu. Ya jefa a aljihu.

Ya juya wurin Uwaliya. "Gwaggo, wa ya yi rigima da ita?"

"Muntari mai walda. Har tare ta ya yi a hanya."

Muntari ya ce bai taɓa ganinta ba. Sufeto ya zuba masa ido.

"To, na gan ta. Yallaɓai, kullum tana ɗaukar ƙyauren da gara ta cinye. Ga ƙofofina na ƙarfe, da fenti, da zanen dawisu, ko kallo. Wannan ba cin fuska ba ne?"

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Gonar Balarabe. Duk mazan unguwa muna can, gayya muke masa. Ya faɗo daga babur ya karye tun farkon damina. Yau ma can za mu, maimai bai ƙare ba."

Ya buɗe tafin hannunsa, duk bororo.

Sufeto ya koma wurin Zulaihat. "Hotunan sun tafi ke nan?"

"A'a, kullum ina tura su cikin waya."

Ya zauna yana turawa da yatsa. Ƙofa, ƙofa, taga, ƙofa. Har ya fara hamma, sai ya tsaya kan wata taga mai shuɗin fenti.

"Meye wannan a cikin duhun?"

Ta ƙara girman hoton. Mutum ne a tsaye kan kifaffen bokiti, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Ƙafa ɗaya ya dogara a kai, kuma ita ce mai ɗorin.

"Wallahi ban ma lura da shi ba," in ji ta. "Ni fentin nake kallo."

Tagar gidan Balarabe ce. Sun tarar da shi kwance a zaure, ƙafa kan matashi, kwanon fura a gefe. Yana ganin kaki ya fara nishi.

"Sannu Malam Balarabe. Ya jiki?"

"Sai godiya, yallaɓai. Ko bayan gida sai an ɗauke ni."

"Allah ya sawwaƙe. Wa ya yi maka ɗorin?"

"Wani mai ɗori a Kabo."

"Ya yi maka ha'inci, kara ɗaya ya ɓace." Sufeto ya zaro guntun karan ya tura a gurbinsa. Ya zauna daram. Sannan ya miƙa masa wayar. "An samu sabis ɗin kuwa?"

Balarabe ya daɗe yana kallon hoton. Nishin ya tsaya.

"Ashe yana fita daga cikin na'urar?"

"Tun kafin ka hau katanga. Tana ina?"

"Cikin rumbu, lafiyarta ƙalau. Yallaɓai, targaɗe ne da farko. Sai aka kawo fura, aka kawo gayya. Wa zai tashi? Da na ga ta saita abin nan a tagata, na ce in aka ga hoton na mutu."

Zulaihat ta ciro kyamararta daga cikin dawa, ta hure ƙaiƙayi, ta rungume ta.

"Tashi mu je," in ji Sufeto.

"A taimaka a kawo mota bakin ƙofa. Ƙafar ta saba da kwanciya."

"Mota tana bakin titi."

Suna fitowa, sai ga Muntari gaban mazan unguwa, kowa da fartanya a kafaɗa. Gwaggo Uwaliya ta riga ta kai musu labari.

Balarabe ya duba fartanyun, ya tattare rigarsa. Ko da Sufeto ya iso bakin titi, ya tarar da shi zaune a bayan mota, ya rufe ƙofa da kansa, yana haki.

"Yallaɓai, don Allah ja mu tafi."