Bangon Ajin Ummuhani

Ranar da Uwaisu ya fara ganinta, tana tsaye ne a kan benci, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana zane a bangon aji da tsinken rama da take tsomawa a kwanon jar ƙasa. Farkon zangon karatu ne na shekarar 1985, a wata 'yar firamare da ke bayan Malikanchi. Aron alli ya kawo shi, amma da ya tsaya a bakin ƙofa sai ya manta.

"Sannu da aiki, Malama. Ke ce aka turo mana?"

"Ni ce. Sunana Ummuhani." Ba ta ko sauko ba. "Don Allah, Malam, ɗago min kwanon nan."

Ya ɗaga mata kwanon, ya ci gaba da riƙewa har hannunsa ya yi tsami, bai ce ya gaji ba.

"Me ake zanawa haka?"

"Bishiya ce. Ganyen sai gobe."

Aji uku kashi biyu ne a makarantar, ɗaya nasa, ɗaya nata. Lokacin soja ne, ana ta wa'azin tsuke bakin aljihu. Littafi babu, alli sai an karya an raba, ga kuɗin makaranta da aka dawo da shi, iyaye na ta janye 'ya'yansu suna kai su gona. Shekarar Uwaisu huɗu yana koyarwa, kuma abin da ya gada daga malamansa shi yake yi: tsawa da bulala. Sunaye arba'in ne a rajistarsa, amma in ya ga kai ashirin ranar ya gode Allah.

Washegari ganyen ya zo. Kowane yaro ya tsoma tafinsa a jar ƙasa ya manna a reshe, ita kuma ta rubuta sunansa a ƙasa. Ta ce musu, "Duk wanda hannunsa ke jikin bangon nan ɗan ajin nan ne. Ba mai korarsa."

Daga ranar ba ta ƙara kiran suna ba. Yaro in ya shigo da safe zai je ya ɗora hannunsa a kan tafinsa, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya zauna. Wanda ya cika mako bai yi fashi ba, ranar Juma'a ta ɗiga masa shuni a tsakiyar tafin, ka ga yaro yana tafiya gida kamar an ba shi sarauta. Kowa da aikinsa, kuma ana juyawa: mai cika randa, mai share allo, mai raba alli. Baƙaƙen kuwa da ƙwayar wake da dawa suka jera su a takardar buhun siminti, suka liƙa da ƙaro. Ajin da ba a kashe masa ko kwabo ba ya zama abin kallo.

Bayan mako uku ta buɗe gwangwanin allinta ta tarar da 'yar takarda:

"Malama Ummu, jiya yarana uku sun sulale suna leƙen tagarki. Na ɗauki bulala na bi su, sai na tsinci kaina ni ma ina leƙe. Ki koya min yadda ake yi. Uwaisu."

Amsa ta dawo masa a cikin gwangwanin:

"Malam, darasi na farko, ka bar bulalar a gida. Na biyu, ka san unguwar kowane yaro da sunan mahaifinsa. Na uku sai na ga kamun ludayinka. Ummu."

Ya bar bulalar a gida. Ajinsa ya fara cika, zuciyarsa kuma ta riga ajin cika. Kafin ruwan farko ya sauka takardun gwangwani sun daina maganar darasi, ya koma yana zuwa zance da yamma gidan Gwaggo Azumi, inda Ummuhani ke zaune. Yana ce mata Ummuna, tana ce masa Ɗalibina, Gwaggo na daga tsakar gida tana gyaran murya.

Kawunsa Lado ya hau keke ya je Kudan, garin iyayenta, nema masa aurenta. Mahaifinta, Malam Zainulabidin, manomin rake ne, mutum mai magana ɗaya. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce:

"Ba na yi wa 'yata dole. Ga Sa'idu nan mai motar rake, sau biyu yana turowa, ta ce ba ta so don ya ce sai ta ajiye koyarwa, ban matsa mata ba. Amma Malam Lado, kullum rediyo sai ta ce an sallami ma'aikata. Ba zan ba da ita ga wanda abincinsa ke rataye a bakin alƙalamin wani ba. In yaronku ya tsallake wannan guguwa da aikinsa, ku dawo."

Guguwar ba ta yi nisa ba. Tsakiyar damina takarda ta zo daga ofishin ilimi: za a haɗe kashi biyun nan na aji uku su zama ɗaya, malami ɗaya ya tafi. Sufeto zai zo ranar Alhamis ta sama ya duba ya yanke. Uwaisu ya karanta takardar sau uku. In shi aka sallama, ya rasa Ummuhani. In ita aka sallama, ya same ta, amma an raba ta da abin da ta fi so a duniya.

Ranar Asabar aka yi tsabtace muhalli, wanda a lokacin ba a wasa da shi. Ummuhani ta tafi Kudan duba mahaifiyarta. Uwaisu shi ne malamin aikace-aikace, don haka shi hedimasta, Malam Sama'ila, ya miƙa wa bokitin farar ƙasa.

"Kowane bango a shafe shi fari tas. Umarni ne."

"Ranka ya daɗe, har da ajin Malama?"

"Shi ne ma na farko. Sufeto ya shigo ya ga an dagwalgwala ginin gwamnati da jar ƙasa, wa kake tsammani za a tuhuma? Ita za a fara kora, ni in biyo baya."

Uwaisu ya daɗe a tsaye gaban bishiyar. Ya gaya wa kansa cewa kare ta yake yi, ai zane ne, wanda ya zana zai sake zanawa. Ya cire takardun baƙaƙen a hankali ya adana, sannan ya tsoma tsintsiya a bokiti. Garin neman gira aka rasa ido, don shekara huɗu yana koyarwa bai taɓa tsayawa ya ga bango da idon yaro ba.

Ranar Litinin yara suka shigo da gudu kamar kullum, hannuwa a miƙe, suka tarar da fari fat. Suka yi cirko-cirko. Yawancinsu iyayensu ba su kai kuɗin makaranta ba, kuma sun san abin da Malama ta faɗa da bakinta. Tunda an goge hannu, ai an kore su ke nan. Kafin Ummuhani ta iso daga tasha fiye da rabi sun koma gida, wasu na kuka. Labari ya zaga unguwanni, iyaye suka ce dama ga ciyawa ta ci gona.

Ta tsaya a tsakiyar ajin, yara tara a gabanta. Uwaisu ya shigo yana murza hannu.

"Ummuna, ki saurare ni."

"Wa ya shafe?"

"Ni ne. Amma wallahi..."

"Saura kwana uku sufeto ya zo, Malam Uwaisu." Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi yi masa ciwo. "Da ka ce min kana son kujerar, da na bar maka. Ni da kaina na yi niyyar hakan saboda maganar Baba. Sai ka bi ta kan yara?"

Da aka tashi ya sa takarda a gwangwani: "Ummuna, na yi wauta, ban yi mugunta ba. Allah ne shaidata." Washegari ya tarar da ita yadda ya ninke ta, ba a buɗe ba.

Bai ƙara rubutu ba. Ana tashi daga makaranta ranar Talata ya ɗauki keke, ya ɗaure kwanon jar ƙasa da sababbin takardun buhun siminti a baya, ya shiga unguwanni. Darasi na biyu ya yi masa rana, don ya san gidan kowa. Wanda bai samu a gida ba ya bi shi gona, cikin taɓo har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida iyaye, ya ce, "Ba a kori kowa ba. Ni na goge, kuskurena ne, ku yafe min." Wata tsohuwa ta ce masa tun da take ba ta taɓa ganin malamin boko ya ba yaro haƙuri ba. Kowane yaro ya manna tafinsa a takarda, Uwaisu ya rubuta sunan, ya ce, "Ga shi, hannunka zai riga ka zuwa. Kada ka bar shi shi kaɗai."

Haka ya yi Talata da Laraba. Da sassafen Alhamis ya liƙa takardun a bangon ajinta, ya koma nasa bai jira ta ba.

Sufeton dattijo ne mai gajiyayyen ido, ga alama makarantu da yawa ya yi wa wannan aikin kuma ba ya jin daɗinsa. Ya leƙa azuzuwan biyu, dukansu a cike, sannan ya zauna a ofis da rajista, ya sa aka kira malaman.

"Ajin Malama kwana uku a makon nan kusan ba kowa," in ji shi. "Malam kuma ya girme ta a aiki da shekara huɗu. Ina ganin magana ta ƙare."

Malam Sama'ila ya gyaɗa kai. Ummuhani ta sunkuyar da nata. Shiru kawai Uwaisu zai yi ya samu aiki ya samu mata, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Kwana ukun nan laifina ne, ba nata ba. Ka duba rajistarta tun daga Janairu, ka duba tawa ta bara. Yaran da ka gani a ajina ma ita ta koya min yadda zan riƙe su. In aka haɗa su aka ba ni, kafin kaka rabi sun watse. In aka ba ta, za su kai aji shida."

Sufeto ya cire tabarau ya dube shi. "Ɗana, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Dattijon ya yi ta juya shafukan baya, ya yi ajiyar zuciya, ya yi rubutu.

Uwaisu na kwance kekensa a gindin mangwaro Ummuhani ta iso. Idonta ya yi ja.

"Ka san abin da Baba ya ce."

"Na sani."

"To don me?"

"Da na yi shiru, da na aure ki, amma kullum kika dube ni farin bangon nan za ki gani. Gara in rasa ki kina ganin mutuncina."

Ta rufe fuska da gyale ta yi kuka sosai. Da ta samu magana ta ce, "Ɗalibina, ka ci darasi na uku. Sauran ka bar min."

Da takardar sallamarsa ta fito, Uwaisu ya roƙi Kawu Lado ya je Kudan ya janye maganar, tunda sharaɗi bai cika ba. Kawu ya tarar Ummuhani ta riga shi da kwana biyu. Malam Zainulabidin ya bar shi ya gama jawabinsa tsaf.

"Malam Lado, na ji komai daga bakin 'yata, na kuma aika an tambayo min. Ni na ce ba na ba da ita ga wanda abincinsa ke bakin alƙalamin wani. To yanzu ai ba ya can. Yana da gona?"

"Akwai ta mahaifinsa, har da fadama."

"Irin rake ni zan ba shi. Ku zo bayan kaka."

An ɗaura aure a Kudan ranar wata Asabar, bayan an kai amfanin gona gida. Iyayen yara suka cika akori-kura guda daga Malikanchi, kowa da ɗan abin da ya samu, wani kwanon wake, wani zakara. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya kama hannun ango ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gonarka da allonta, ya ba ku zuriya mai jin magana." Jama'a suka amsa da amin.

Ba a mayar da Uwaisu aiki ba, ba a wannan shekarar ba, ba a ta gaba ba. Ranar da Ummuhani ta koma makaranta ya ɗauko ta a keke har bakin fili, fartanyarsa a ɗaure a baya. Tana sauka aka kaɗa ƙararrawa. Ƙafarsa ta yi taku biyu zuwa wajen layin yara kafin ya tuna, ya tsaya.

Ta gani. Ta dawo ta riƙe kan keken.

"Da-na-sani kake yi?"

Ya kalli yaran suna rige-rigen shiga aji, nata da waɗanda dā nasa ne, sun fi sittin.

"Ciwo dai akwai, Ummuna, ba zan ɓoye miki ba. Da-na-sani ne babu. Shiga, suna jiranki."

Sai da ya ga shigarta sannan ya juya keken ya nufi fadama.